Idan ma'aikacin tarayya ya rasu, matarsa za ta ci gaba da karɓar fansho?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Ma'aikacin gwamnatin tarayya ne ya rasu yana bakin aiki, ya bar mata biyu da 'ya'ya. Sunan ƙaninsa ya rubuta a takardun aiki a matsayin makusanci (next of kin). Kuɗin na ƙanin ne? Kuma matan za su riƙa samun wani abu duk wata?

Baban Sadiq: Wa'alaikumus salam, Allah ya jiƙansa. A tsarin fansho na karo-karo, ƙarƙashin dokar 2014, babu fanshon wata-wata ga matar mamaci. Kuɗi biyu ake nema, kuma ƙofarsu ba ɗaya ba.

Na farko, abin da ya taru a asusunsa na ajiyar fansho, wato RSA: kashi 8 cikin ɗari daga albashinsa, kashi 10 daga gwamnati, da ribar da aka juya. In ya fara aiki kafin tsakiyar 2004, akwai haƙƙinsa na tsohon tsari da ake zubawa a asusun. Kamfanin fanshonsa ne zai biya, bisa ƙa'idar PenCom, hukumar kula da fansho ta ƙasa.

Na biyu, inshorar rai ta ma'aikata, wadda doka ta ce kada ta gaza ninki uku na albashin shekara. Wannan ta wajen ma'aikatarsa ake bi, kamfanin inshora ya biya wanda aka ambata a takardar inshorar. Iyalai da yawa ba su ma san da ita ba, sai su karɓi na asusu su koma gida.

Shi ƙanin, Maman Ilham, rubuta sunansa bai mai da shi magaji ba. Kuɗin asusu ba sa fita sai da wasiyyar da kotu ta tabbatar, ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci.

Malam Na-Zariya: Bari in ƙara bayani kan takardu, don a nan ake shan wahala. A tanadi shaidar rasuwa daga asibiti ko Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, rahoton 'yan sanda in haɗari ne, wasiƙar ma'aikata mai tabbatar da rasuwar, takardar ɗaukar aiki, takardar albashin ƙarshe, da hotuna da katin shaidar waɗanda kotu ta naɗa. Lallai takardar kotu ta ambaci asusun fansho cikin dukiyar. In lauya ya lissafa gida da asusun banki ya manta da shi, sai an koma kotu an gyara. Haka in sunan mamacin ko ranar haihuwarsa sun saɓa tsakanin takardun aiki da na kamfanin fansho, fayil zai yi ta kwana. Ku duba wannan tun kafin ku miƙa.

In kuɗin asusu sun fito, rabon gado ne: matan biyu su raba tumuni tsakaninsu tunda akwai 'ya'ya. In akwai ɗa namiji a cikinsu, ƙanin ba shi da kaso.

Hajiya Mai Lissafi: Ga wanda ya riga ya yi ritaya kuwa, ya danganta da zaɓinsa. Wanda ya bar kuɗinsa a kamfanin fansho ana ba shi wata-wata, abin da ya rage na magada ne. Wanda ya mayar da su kamfanin inshora don a biya shi har ƙarshen rai, lamunin shekara 10 ne: in ya rasu bayan shekara shida, magada su karɓi na huɗun da suka rage, in ya haura goma ba sauran komai. Mai ƙananan yara ya yi tunani sosai kafin ya sa hannu a wannan.

Maman Ilham, a tabbatar mamacin ma'aikacin tarayya ne. Kano da Jigawa suna da dokokin fanshonsu daban, 'yan tsohon tsarin tarayya kuma wata hukuma daban mai suna PTAD ce ke riƙe da su.