Shiga ƙungiyar masu kayan kashe gobara: da riba, ko kuɗin shekara ne kawai?

Nura Panteka: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema. Ina ƙera akwatin mesa na bango, da maratayin tukunyar kashe gobara, da bokitin yashi, a nan Panteka. Bana na ƙara da cika tukunyar hoda. Wani abokina ya turo mini labarin ƙungiyar FEMA ta Amurka, ta masu ƙera kayan kashe gobara, wai in nemi shiga. Shin ƙaramin mai sana'a irina zai ƙaru da ƙungiya?

Alhaji Sani Kakuri: Wa alaikumus salam Nura. Ajiye batun waccan tukuna. Kamfanonin can ne suka haɗa kai don kasuwarsu da dokokin ƙasarsu, ba za su zo Kaduna su tsaya maka ba. Abin da za ka ɗauko daga Amurka shi ne ƙa'idojin NFPA, ƙungiyar kariya daga gobara ta ƙasar, wadda aka kafa tun 1896. Mai lamba 10 ita ce ta tukunyar hannu, kuma ana karanta ta kyauta a intanet in ka yi rajista a shafinsu. A gida kuwa ƙofofi na nan: NASSI ta ƙananan masana'antu, KADCCIMA mai shirya baje kolin Kaduna, sai MAN ta masu masana'antu, in Allah ya ɗaga ka ka zama masana'anta sosai. Ni NASSI zan ce ka fara da ita.

Malam Bala Kawo: Alhaji, a yi mini afuwa, ni ban ga tsiyar da ƙungiya take yi ba. Na taɓa shiga wata, ba zan kama suna ba. Kuɗin fom, kuɗin kati, kuɗin taro, ƙarshe kalanda kawai na gani. Da wannan kuɗin gara Nura ya ƙara ƙarfe.

Hajiya Binta Kasuwar Gumi: Malam Bala gaskiyarka, akwai irin waɗannan. Amma ni saro kaya nake ina sayarwa, kuma na ga bambanci da idona. Wata makaranta ta nemi tukwane da akwatuna masu yawa, na kai musu wani yaro mai aiki tsaf, waldarsa ko tabo babu. Suka ce ina rajistar CAC, ina shaidar SON, hukumar kula da ingancin kaya, wa zai tsaya masa. Ko ɗaya babu. Aikin ya tafi hannun wanda bai kai shi iyawa ba. Abin ya tsaya mini a rai har yau.

Injiniya Hauwa: Nura, tunda ka ce kana cika hoda, bari in tsaya a nan, don nan ne rai yake. Akwatin da ya karkace a gyara shi. Tukunyar da ta ƙi fitar da hoda ranar gobara fa? Hodar ABC daban, ta BC daban. Ta farko sinadarin amoniyam fosfet ne, ta biyu kuwa bekin soda ce. In ka zuba wannan a kan ragowar waccan sai su yi aiki da juna, danshi ya fito, hodar ta dunƙule, wani lokaci ma matsin iska ya ƙaru a ciki. Na taɓa kwance wata da aka kawo mini daga wani gidan mai, agogonta na kan kore daram, amma da na juye ta sai ga hodar ta zama curi guda, sai da muka sa ƙarfe muka farfasa ta. An hura ta ne da kwamfuresan faci. Iskar faci da danshi take zuwa, shi ya sa naitirojin busasshe ake sawa. Tukunyar iskar CO2 kuma ba ta da agogo, sikeli ake ɗora ta, in ta yi asarar sama da kashi 10 cikin 100 na nauyin iskar a sake cikawa. Sannan jikin tukunyar kansa ana gwada shi da matsin ruwa: ta CO2 duk shekara 5, ta hoda duk shekara 12, bisa waccan ƙa'idar da Alhaji ya ambata. Yanzu ka faɗa mini, ƙaramin mai sana'a nawa ne zai iya sayen injin gwajin nan shi kaɗai? Amfanin ƙungiya a wurina ke nan. A haɗa kuɗi a sayi inji ɗaya, a gayyato mai horarwa, a saro hoda mai kyau a dunƙule farashi ya sauko.

Nura Panteka: Yaya Hauwa, Allah ya saka da alheri. Batun gwajin ruwan nan ban taɓa ganin inda ake yi ba.

Baba Audu Tudun Wada: Ɗana Nura, ni tsohon ɗan kwana-kwana ne, na yi ritaya. Duk hunturu muna cikin tashin hankali, kasuwa ta kama, gida ya kama. Kowa ya tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mu isa mu tarar da jajayen tukwane a rataye, mai shago ya ce ya matsa ba abin da ya fito. Jabu ya cika gari, musamman ƙananan na mota da direbobi ke saya don jami'an FRSC kawai. Kai kaɗai in ka je ofis ka kai ƙarar mai jabu, za a ce hassada ce ta abokin sana'a. Amma in ƙungiya ta rubuta takarda da hatiminta, ana saurare. Haka kuma in za a tsara dokar gini ko ta kasuwa, ƙungiya ake kira, ba mutum ɗaya ba.

Malam Bala Kawo: Baba, na ji wannan, ranka ya daɗe. To amma ta yaya yaro zai gane ta ƙwarai?

Alhaji Sani Kakuri: Da sauƙi, Bala. Ya je taronsu a matsayin baƙo kafin ya ciro ko sisi. Ya nemi tsarin mulkinsu a rubuce, ya tambayi yaushe aka yi zaɓe na ƙarshe, wa ke sa hannu a asusu, wane horo aka yi bara. In aka fara kame-kame, ya kama gabansa. Kuma Nura, ka sani katin ƙungiya ba ya maye gurbin shaidar hukuma. Abin da aka ƙera a gida shaidar MANCAP ake nema masa a wurin SON, na waje kuwa SONCAP. Ƙungiya hanya take nuna maka, ta haɗa ka da wanda ya riga ka bi. Haka batun rancen Bankin Masana'antu da horon SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙananan sana'o'i, labarinsu ya fi saurin isowa ta bakin ƙungiya.

Hajiya Binta Kasuwar Gumi: Ka ƙara da baje koli, ƙanena. Rumfa a filin da ke hanyar Zariya ta yi wa mutum ɗaya nauyi, amma ku huɗu ko biyar kuka haɗu kowa ya baje nasa. Masu otal da gidajen mai da makarantu duk suna zagayawa.

Nura Panteka: Na gode ƙwarai. CAC ina da ita, ta sunan kasuwanci. Zan dakatar da cika hoda har in samu naitirojin da horo. Yaya Hauwa, ko zan iya zuwa in ga yadda ake gwajin?

Injiniya Hauwa: Ka zo Asabar da hantsi. Ka taho da biyu cikin waɗanda ka cika mu buɗe su tare, da akwati ɗaya in auna kaurin ƙarfen. Malam Bala, kai ma ka zo, akwai batun haɗa kuɗin inji da nake so mu tattauna.

Malam Bala Kawo: In Allah ya yarda. Amma asusun mutum uku za su riƙa sa hannu.