Likita ya ce a nema wa Baba hospis: wa ya taɓa bin wannan hanya?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ciwon dajin Baba ya kai hanta. Shekaranjiya likita ya zaunar da mu ya ce ƙarin magani mai ƙarfi wahala kawai zai ƙara masa, gara mu nemi kulawar hospis, wato kulawar da ake ba mai jinyar da ba a sa ran warkewarsa domin a rage masa wahala. Tun ranar ban runtsa ba. Yayana cewa yake sallamar mu aka yi cikin ladabi. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan hali ya faɗa mini abin da ya gani da idonsa.

Wadda ta yi jinyar mahaifiyarta:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya sassauta wa Baba. Irin tunanin yayanki na yi, har na ɓata mana wata guda ina musu, Mama kuwa tana kwana tana nishi. Ashe ba sai an kwantar da mutum a wani gini ba. Gida ma'aikatan hospis suka riƙa zuwa mana. Ranar farko nas ɗin ta zauna bakin gado ta tambayi Mama da kanta: me ya fi damun ki? Ba wanda ya yi mata wannan tambaya tun da ta kwanta. Ta ce ciwon baya da rashin barci. Aka sa ta a ruwan mofin, maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi, duk bayan awa 4, a kan lokaci, ba a jira sai ciwon ya taso, aka haɗa da maganin bushewar ciki domin mofin yana kawo ta. A dare na uku ta yi barci har asuba, da safe ta ce a tsefe mata kai. Sun koya mini juya ta kada gyambon kwanciya ya kama ta, da jiƙa mata leɓe da auduga lokacin da haɗiya ta gagara. Abin da ya fi yi mini wuya shi ne daina matsa mata ta ci abinci.

Nas mai ritaya:
'Yata, ki rarrabe abu biyu. Kulawar sauƙaƙa raɗaɗi ana iya fara ta tun ana neman waraka, hospis kuwa sai an daina sa ran magani zai warkar. A Amurka ƙa'idar ita ce likita ya ga sauran kwana ba zai wuce wata 6 ba, amma kowace ƙasa da tsarinta. Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan hospis na St Christopher's a Landan a 1967, ta koyar da cewa ciwon mai jinya ya haɗa jiki da zuciya da iyali da ruhi, shi ya sa ake aiki a ƙungiya. Na yi shekaru ina ba da mofin, kuma idan likita ya auna shi daidai ba ya gaggauta ajali. Kafin ku amince ki tambaye su: wa zan kira da ƙarfe 2 na dare? Sau nawa nas za ta zo a mako? Wa ke kawo magani idan ya ƙare?

Wani ɗan'uwa:
Mu kwana 5 kacal matata ta samu a hannunsu, mun makara. Amma sun gaya mini tun da wuri cewa numfashinta zai riƙa yankewa yana dawowa, majina za ta yi ƙara a maƙogwaro. Da abin ya zo ban firgita ba, na riƙe hannunta har ta cika. Bayan rasuwar ma sun ci gaba da kira suna tambayar yaran.

Mai tambaya:
Allah ya jiƙan waɗanda kuka rasa, ya saka muku da alheri. Na karanta wa Yaya, ya yi shiru ya share ido. Da yamma muka tambayi Baba, ya ce shi dai a bar shi a ɗakinsa. Gobe za su zo duba shi, na rubuta tambayoyin Mama nas a takarda. Yaya zan yi wa ƙanwarmu mai shekara 12 bayani?