Ta yaya zan fita lafiya da 'ya'yana?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara 7 ina aure a Katsina, yara biyu. Maigidana yana dukana. Daren jiya ya shaƙe ni har na ga duhu, ƙaramar tana bakin ƙofa tana kallo. Sau biyu ina yaji zuwa gidanmu a Daura, Baba ya ce in yi haƙuri, aka maido ni.

Yanzu kam tafiya zan yi. Katin NIN ɗina, takardun haihuwar yaran da kuɗin adashena suna wurin maƙwabciyata. Amma kullum sai ya binciki wayata, kuma ya rantse zai ƙwace yaran. In fara kai ƙara kotun shari'a ne, ko in fice tukuna? Kuma wadda ake duka, dole sai ta mayar da sadaki? Don Allah ku taimake ni.