Appium ya ce sakan 3, hannuna ya ce ƙarya ne

Ɗan Birni:
Salamu alaikum ƴan uwa. Na yi ma wani mai shago a Kasuwar Dole ƴar aplikasiyo ta lissafin kaya da bashi, na rubuta tes da Appium (manhajar da ke latsa aplikasiyo da kanta don gwaji), ina rubuta lokacin agogo kafin a latsa "Shiga" da bayan shafin ya fito sai in debe. Abin da ya ɗaure mini kai, tes ɗin na ba ni wajen sakan 3, amma in na riƙe wayar na latsa da kaina wallahi ko sakan guda ba ya kaiwa. Wa ya taɓa cin karo da haka?

Ƴar Zengo:
Wa alaikumus salam Yaya. Na sha wannan sanda muke aikin ƙarshen karatu a jami'ar André Salifou. Appium ɗin kake aunawa ba aplikasiyonka ba. Umarni ya tashi daga ordinatar ya je sabar ta Appium, ita ta miƙa ma UiAutomator2, mai aiwatar da umarnin a cikin waya, amsa ta sake biyo hanya ta dawo, duk agogonka na ta gudu. Ga WebDriverWait kuma, mai jiran abu ya bayyana a allo, in ba ka taɓa shi ba duk milisakan 500 yake leƙawa ko abin ya fito, wanda ya fito a 520 sai ka gan shi wajen 1000. Ni abin da ya fi cinye ni neman maɓalli ta hanyar XPath ne, don sai an kwaso tsarin shafin kaf kafin a nemo maɓalli guda, da na koma nema da resource-id, sunan shaidar maɓallin, sai ka ce an sauke ma jaki kaya. Ka duba saitin waitForIdleTimeout ma, mai jiran allo ya natsu, yana iya jira har sakan 10 in wani abu na ta juyawa a allo.

Na Mirya:
Gaskiyarta. Ni na daina tambayar Appium lokaci, shi dai ya latsa mini, wayar nake tambaya. In buɗewar aplikasiyo ce, umarnin adb shell am start -W zai ba ka TotalTime, lokacin da tashin ya ɗauka, amma ka yi force-stop, wato ka kashe aplikasiyon gaba ɗaya, kafin kowane zagaye in ba haka ba tana nan kwance a memwar, tashin zai yi sauri ka yi ta murna a banza. Inda ni na faɗa rami: layin Displayed na logcat (rajistar abin da ke faruwa cikin waya) hoton farko kawai yake ƙirgawa, ni kuma hoton farkona allo ne fari da ɗan abin nan mai juyawa, na kai ma mai aiki lamba mai kyau shi ko yana cewa abin na nauyi, muka yi ta gardama ashe shi ke da gaskiya. Sai da na sa reportFullyDrawn(), mai sanar da waya cewa shafi ya kammala, a inda jerin kayan ya gama cika. Google dai na ɗaukar tashi daga sanyi (buɗe aplikasiyon da ba ta cikin memwar) da ya kai sakan 5 a matsayin ya yi yawa, ni a ganina tun kafin nan mai shago ya koma ma kayensa da biro.

Malam na Sabon Gari:
Ku yara ba wanda ya ambaci zafi? Damagaram fa muke. Cikin Afrilu na bar tes yana maimaita kansa da azahar, waya liƙe da kabul tana caji, kuran ya ɗauke fanka ta tsaya, zagayen farko lafiya lau, can gaba lamba sai hawa take kamar farashin rago gab da layya. Waya in ta yi zafi da kanta take rage gudun furosesa. Yanzu bayan asuba nake yi, in cire mata riga, in bar ta ta huce tsakanin zagaye. Kuma kar ka tara ka raba, zagaye guda da ya lalace ya isa ya ɓata lissafin. Jera su daga ƙarami zuwa babba ka ɗauki na tsakiya, sannan ka dubi na can ƙarshe, su ne masu sa kiliya ya kira ka da dare.

Ɗan Magarya:
Malam a ɗora ta bisa randa kawai, hhh. Ni nawa rezo ne. A emilata (wayar kwaikwayo cikin ordinatar) da wifi komai tsaf, na kai ƙauye bisa ƙaramar itel mai Android Go abin ya tsaya cak. Yanzu ina kunna emilata da -netspeed edge -netdelay gprs don ta kwaikwayi rezo mai rauni, kuma ina rubuta lokacin sabar daban da na waya daban don in san wa zan zarga.

Ɗan Birni:
Allah ya saka da alheri. Na cire XPath, na mayar da leƙen milisakan 50, lambar ta faɗo sosai. Don in tabbatar na ari wayar ƙanena na ɗauki allon a bidiyo mai hoto 240 a sakan, na ƙirga daga taɓawa zuwa fitowar shafi, ya zo kusa da abin da logcat ya faɗa. Malam, zagaye nawa kake yi kafin ka yarda da na tsakiyar?

Malam na Sabon Gari:
Ashirin, in zubar da na farko. In kuran ya bari.