Hoton duwatsu da daji: me ke sa a biya kuɗi a rataya shi a bango?

Sadiq_Gangare:
Assalamu alaikum jama'a. Ni dai hoton biki da suna nake ɗauka a nan Jos, da shi nake ci, amma wallahi zuciyata tana wajen duwatsu da daji. Ranar da ba aiki sai in hau duwatsun Shere ko in tafi Dutsen Riyom, in dawo da memori cike, ina buɗewa a kwamfuta sai in ga duk irin na kowa ne, ba abin da zai tsayar da mutum. Don Allah masu wannan harka, me ya raba hoton da ake wucewa a Instagram da wanda mutum zai saya ya rataya a falonsa? Kuma editin ɗin nan ina iyakarsa, kar mutum ya faɗa ƙarya?

Malam_Bukuru:
Wa alaikumus salam ɗana. Ƙarfe nawa kake isa wurin? In sai rana ta take to ka makara, don dutse inuwa ce ke fito da siffarsa, tsakar rana kuwa ba ta barin inuwa. Ka yi sallar asuba ka kama hanya, ko ka jira la'asar sakaliya. Sannan ka rage yawo, ka zaɓi wuri ɗaya, ko Riyom ɗin ne, ka riƙa komawa shekara guda cur. Da hunturu hazo zai shafe duk abin da ke bayan dutsen ya bar shi shi kaɗai, a watan Agusta kuma ciyawa ta yi kore shar ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta bayansa, wuri ɗaya ne amma ba hoto ɗaya ba, kuma sai ka san shi haka za ka gane wanne ne naka. Garin nan a tudu yake, ya haura mita 1,200 sama da teku, sanyi da raɓar safiya da muke ƙorafi a kai su ne jarinka. Kar ka raina kududdufan da haƙar kuza ta bari wajen Rayfield da nan Bukuru, da sassafe ruwan a kwance yake ga jan tudun ƙasa a ciki.

Maganar editin, Ansel Adams, shahararren mai ɗaukar hoto na Amurka, ya ɗauki fitowar wata a ƙauyen Hernandez a 1941, daga baya in zai wanke hoton sai ya ƙara wa sama duhu sosai. Ba wanda ya ce ya yi ƙarya. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta gyara ba, ka gyara haske yadda ka ji shi a ranka.

Ummi_Rikkos:
Malam na yarda, amma da gyara kaɗan. Haske da kala babu laifi, amma a ɗauko tsuntsu daga wani hoto a manna, ko a canja sama gaba ɗaya a yi shiru, ni ban ɗauke shi hoton halitta ba. Sadiq in kana son tsuntsaye ka leƙa dajin Amurum da ke Laminga inda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI take, ka nemi izini tukuna. Akwai wani ɗan jan tsuntsu mai zama cikin duwatsu da sai 1998 masana suka tabbatar jinsi ne na daban, a nan Filato aka gano shi. Ka nemi lensi kamar 400mm, ka zauna shiru, haƙuri ne duk aikin. Kuma don girman Allah kar ka matsa kusa da sheƙa, uwa na iya barin ƙwai saboda hotonka.

Abba_Terminus:
Oga Sadiq, in za ka ruwan Assop mai zubowa daga kan dutse ka tafi da abin kafa kyamara mai ƙafa uku da filta mai rage haske, ka bar shota, wato ƙofar shigar haske ta kyamara, a buɗe kamar rabin sakan ruwan zai fito lumui. Amma abin da ba a faɗa maka ba shi ne firintin. Hoto a waya yana da haske ta baya, a takarda babu, shi ya sa yake fitowa da duhu. Ka fara buga ƙarami ka duba kafin babba, ka sa hannu, ka rubuta lamba kamar 1/10, wato na farko cikin kwafi goma, in goman sun ƙare kar ka ƙara ko an roƙe ka. Kuma kar ka saki aikin biki tukuna, masu sayen irin wannan sun fi yawa a Abuja, otal-otal da ofisoshi, sai ka haɗa kamar guda goma masu jigo ɗaya kafin ka kai musu.

Sadiq_Gangare:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Riyom zan riƙe. Anti Ummi, a Amurum ɗin ana samun wanda zai zaga da mutum ko sai na zo da nawa?