In biya kuɗin kwas ɗin Scrum ko in karanta da kaina?

Maryama_Gwale: Salamu alaikum 'yan uwa. Mu bakwai ne a ofis, muna haɗa wa makarantu manhaja. Oga ya dawo daga wani taro a Abuja ya ce daga wata mai kamawa da tsarin Agile za mu riƙa aiki, wato yin aiki kaɗan-kaɗan ana gyarawa bisa buƙatar kwastoma, kuma ni ce Scrum Master, mai kula da yadda tawaga ke bin Scrum, ɗaya daga hanyoyin Agile. Wata cibiya ta ce in kawo dubu 180 na kwas ɗin kwana biyu. Daga aljihuna zan cire. In biya, ko in karanta in zauna jarrabawar PSM I ta samun takardar shaidar Scrum Master kawai?

Ɗan_Sabongari: Wa'alaikumus salam. Ki koyi Python, yaren rubuta manhaja, can kasuwa take.

Injiniya_Auwal: Hajiya kar ki biya. Scrum Guide, littafin ƙa'idojin Scrum, kyauta yake a intanet, bugun 2020, bai kai shafi 20 ba. PSM I ba ta buƙatar kwas: tambaya 80 a minti 60, sai kin ci kashi 85. Dala 150 na biya.

Zulai_K: Malam Auwal, wannan tsohon farashi ne, 200 take yanzu. Ki tambayi cibiyar wace takarda za su ba ki. CSM, wata takardar shaidar Scrum Master ta daban, ita ce take wajabta kwas, kuma duk shekara biyu ake sabunta ta.

Baban_Khalifa: Ni dai ƙanwata, takarda ba ta ce komai ba. Na yi shekara ɗaya da rabi a wani kamfani da ya ce yana Agile. Taron safe da aka ce minti 15 ne, sai mu yi awa guda a tsaye, oga kuma yana kan kujera da kofin shayinsa yana bin mu ɗaya bayan ɗaya kamar mai shari'a. Mu tsara aikin sati biyu da ake kira sprint ranar Litinin, Laraba da daddare ya turo saƙon murya: kwastoma ya canza shawara. In ka yi magana ya ce ai Agile ke nan, karɓar canji. Allon da muka manna wa takardu masu launi, har gam ɗinsu ya bushe suna faɗowa ba wanda ya matsar da ko ɗaya. Ranar da aiki ya makara, Scrum Master aka fara sallama. Ni ne.

Ɗan_Sabongari: Wato sprint ɗinku gudun famfalaki ne 😂

Injiniya_Auwal: Allah ya mayar da alheri, amma wannan ba Scrum ba ne. Mutum 17 da suka rubuta ƙudurin Agile a Amurka a 2001 mutane suka fifita a kan ƙa'idoji.

Baban_Khalifa: Ranka ya daɗe, kai koyarwa kake yi. Ka taɓa riƙe tawaga a ƙarƙashin ogan da albashinka ke hannunsa?

Injiniya_Auwal: Kai ma kamfani ɗaya ka gani.

Maryama_Gwale: Don Allah ku yi haƙuri. To in biya ko kar in biya?

Zulai_K: Ki fara duba ko katinki zai biya dala ma tukuna. Sau uku nawa yana ƙi, sai da yayana da ke Ingila ya biya min.

Ɗan_Sabongari: Nawa cirewa suka yi, kuɗin bai je ba, sati shida ina zarya a banki. Kullum "ka dawo gobe".

Baban_Khalifa: Sati shida? Ai kai ka yi sa'a. Wane reshe ne naka?