Dan Allah me yasa tuƙin katafila a gangare ke cinye mutum haka?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanina ne ke tuƙa katafila mai jan gungumen katako a dajin wajen Ondo, wata uku kenan da aka mayar da shi ɓangaren da ƙasar duk tudu ce da gangare. Da in ya zo Legas hutu shi ne mai cika majalisa da dariya, amma zuwan nan ko gurin mai shayin bakin layinmu ya kasa zama, ana magana yana kallon bango, abu kaɗan ya hau faɗa, matarsa ma ta ce cikin barci yana dannan ƙafa kamar mai taka burki. Abin da ya ɗaure min kai, a zaune fa yake yini, ba dako yake ba. To gajiyar daga ina?

Baban Hafsat Mile 12:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa daina cewa a zaune yake, wallahi wanda bai hau ba ba zai gane ba. Na yi wannan aikin a dajin Omo da ke Ogun kafin na dawo harkar albasa. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa inji ne ke aiki kai kana bin sa, a gangare kuwa da tunaninka kake riƙe da shi. Ido ɗaya na neman kututturen da ciyawa ta rufe a gaba, ɗaya na baya kan gungumen da aka ɗauro da waya don in ya mirgino zai ja ka gefe, kunne na kan kukan inji, jikinka kuma ta kujera kake jin ko sarƙar ƙafar injin ta fara zamewa tun kafin ido ya gani, ga yaran da ke ɗaura waya a ƙasa, kowanne sai ka san inda ya tsaya. Kuma ba a ratsa gangare a kaikaice, ko ka hau sak ko ka sauko sak, to kowane juyi sai ka yi lissafi. Da damina jar lakar nan kamar sabulu take. Akwai ranar da injin ya zame da ni kamar taku biyar kafin ya tsaya, ba abin da ya faru, amma da yamma kofin ruwa na kasa riƙewa, hannu na ta rawa.

Mai Canji Idi Araba:
Malam ka dai bincika ko ya fara shan ƙwaya, yaran daji ba a shedarsu yanzu.

Baban Hafsat Mile 12:
Alhaji wasu na sha, ba musu, amma ka tambayi me ya kai su. Oga na biya ne da yawan lodi, mutum ya yi awa goma kansa a ɗaure sannan a ce ya ƙara. Kar a fara da zargi.

Injiniya Ebute Metta:
Abin da Baban Hafsat ya faɗa Turawa sun daɗe suna auna shi. Akwai ma'aunin da hukumar NASA ta Amurka ta fitar a 1988, ana tambayar ma'aikaci abu 6: nauyin tunani, nauyin jiki, matsin lokaci, yadda yake ganin aikinsa ya yi kyau, ƙoƙarin da ya sa, da takaicin da ya ji. Masu binciken aikin daji na amfani da shi, wasu har tabarau mai bin motsin ido suke sa wa direba ko su auna bugun zuciyarsa, kuma abin da ake gani shi ne gangare na ƙaruwa nauyin kai na ƙaruwa. In an ce gangare kashi 30 cikin ɗari, ana nufin duk mita 100 ƙasa ta tashi mita 30, a baki kamar wasa, ka hau da tan-tan na ƙarfe ka gani. A Finlan da Suwidin injinan irin na kamfanonin Ponsse da Komatsu su ke sare bishiya su share rassa su yanka ta gunduwa-gunduwa, ɗakin direba ma a wasu yana daidaita kansa in injin ya karkace a gangare, duk da haka direbobin na gajiyar kai. A Niyuzilan da Ostiriya har ɗaure injin suke da waya daga saman tudu. Mu nan katakon da ke isowa Legas, da yawa tsohon inji ne ya jawo shi, wani ko bel ɗin kujera babu. Ka ce wa ƙaninka lallai ya duba ƙarfen kariya na saman kujera ya riƙa ɗaura bel, ya taka hanyar da ƙafa kafin ya shiga da inji, wurin da ya fi tsayi ya yi shi da safe kai na sanyi, ya riƙa kashe inji yana saukowa ya sha ruwa ko na minti goma ne. In firgitar barcin ta ci gaba a kai shi asibiti.

Ɗan Agege:
Na gode Allah ya saka da alheri. Na karanta masa na Baban Hafsat sai ya yi shiru, can ya ce wai watan jiya gungume ya kuɓuce ya wuce ta gefen yaron da ke ɗaura masa waya, bai faɗa wa kowa ba sai yau. Ya ce bel ɗin injin nasa ma a tsinke yake. Jibi zai koma, zan bi shi kasuwar kayan gyara ta Ladipo gobe mu nemo wani.